Muryar Da Ke Rumbun Falta

Bismillahi. Daga Dagacin Garin Kallamu, Alhaji Inuwa, mai riƙe da ƙasa tun daga rijiyar gawo har iyakar Kunci, wanda in ya yi tari kaji ke yin shiru, zuwa ga ɗan ƙanwarsa Sama'ilu ɗan Malam Umara, a Jos, otal ɗin da ake kiɗan Turawa.

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya, in aka cire yunwa. Ni dai sai ciwon gwiwa irin na manya. Mahaifinka tari ya kama shi, amma bai hana shi faɗa ba. Damina ta sake yaudararmu. Gero ya fito, ya kai gwiwa, ya tsaya yana kallon sama har ya bushe a tsaye. Rabin gari ya watse, wasu Bici, wasu Kano. Gidajen da aka bari, iska ce ke buɗe ƙofa tana rufewa.

Bayan haka, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami da hannuna mai daraja.

Ka san rumbun mahaifinka da ke bayan ɗakin Gwaggo, wato ƙanwata Falta, mahaifiyarka. Ko zangarniya ɗaya babu a ciki tun bara. To, wani abu ya tare a cikinsa. Da hantsi, daidai lokacin da mata ke niƙa a zamanin da akwai abin niƙawa, sai a ji waƙa tana fitowa. Muryar mace ce, siririya. Kuma waƙar niƙan nan ce ta yayarka Zulaihatu, wadda sanƙarau ya ɗauke bara waccan kana can.

Idon Falta ya yi hazo, amma kunnenta ras. Ta ce Zulai ce. Ta shimfiɗa tabarma a gindin rumbu, nan take wuni. Ɗan tuwon jar masarar tallafi da ake ba ta, ba ta ci. Sai ta tura kwanon ƙarƙashin rumbu ta ce, "Ci, kin yi niƙa kin gaji." Tururuwa ke cinyewa. An ce ta bi mota zuwa Bici inda ake samun abinci, ta ce ba ta barin yarinya ita kaɗai a gida. Warwaron hannunta yanzu har gwiwar hannu yake zamewa.

Saboda haka na umarce ka, da ikon rawanina, ka zo ka ga uwarka.

In za ka amsa, ka ba Sule direba, ya damƙa wa Lawan ɗan ƙanina, taubashinka, shi zai kawo mini. Kada a ba kowa sai shi. Yaro ne mai hankali da ladabi, ban ga irinsa ba a ƙasar nan. Ka haɗo da batir manya na rediyo, ina buƙata ƙwarai, sha'anin mulki ne.

Wassalam.

* * *

Daga Sama'ilu zuwa ga Kawu Dagaci. Ranka ya daɗe.

Na samu takardarka, na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Allah ya sawwaƙe gwiwa, ya ba Baba lafiya. Ni lafiya lau, sai sanyin garin nan. Ban taɓa zaton za ka rubuto mini da kanka ba, na gode.

Kawu, ba ƙin umarni na yi ba. Kana zaure ranar da abin ya faru. Bikin Maijidda 'yar unguwarmu ne, na yi wa mata waƙa a bayan zana, washegari wani baƙo daga Shanono ya zo gun Baba yana tambayar 'yar wa ce mai muryar nan, yana so ya turo manya. Mutane suka yi dariya har da riƙe ciki. Baba ya kira ni ya ce, "'Ya ɗaya Allah ya ba ni, ba na neman ta biyu. Muddin ina numfashi kada ka taka zauren nan." Ko da Yaya Zulai ta rasu, a tashar Bici na tsaya na juya. In ya janye maganarsa, gobe ina hanya.

Ka ce kiɗan Turawa, bari in gaya maka yadda yake, don kada a ce maka wani abu daban. Mu 'yan kiɗa ne, da gita da ganguna da lasifika. Oganmu yana da faya-fayan mawaƙan ƙetare. In ka ga hotonsu a jikin kwali, ƙarti ne, wani da gashin baki, wani ƙirji a buɗe duk gashi. In aka ɗora faifan ka rufe ido, sai ka rantse 'yan mata ne. Suna hawa da murya can sama inda namiji ba ya kaiwa, kuma a ƙasashensu ba mai yi musu dariya, rububinsu ake yi. Oga ya daɗe yana neman mai irin wannan murya, wasu su matse maƙogwaro har jijiya ta fito, ba ta zuwa. Ni kuwa haka na tashi, tawa ba ta taɓa fashewa ba. Ban san abin da Turancin ke cewa ba, haddacewa nake kamar yadda muka haddace allo. Har yanzu wasu na leƙa bayan labule suna neman yarinyar da ke yi, ni kuma wai baki kawai nake motsawa. Abin da ya kore ni daga gida shi ke ciyar da ni, ko da yake tun da sojoji suka hau mulki suka matsa wa mutane, cin ya koma sau ɗaya a rana.

Maganar rumbu kuwa, Kawu, rumbun Inna ne, ba na Baba ba. Ita ta kwaɓa ƙasarsa, ita ta yaɓe shi. Kuma ina ganin na san aljanin da ke ciki. Kwanakin baya na ɗauki waƙar Yaya Zulai a kaset, da gita a bayanta, na aika wa Lawan a ɓoye don ya jiyar da Inna in Baba ya fita. Ka ce Lawan mai hankali ne. Ranka ya daɗe, ko dai wani Lawan ɗin aka haifa bayan tafiyata? Wanda na sani shi ya ɗaura wa jakin liman rawani. A kama shi, a matse kunnensa, a leƙa rumbun. Za a ga rakoda.

Batir babu. Nan ma layi ake yi a kansa kamar na sabulu, kuma ba ya kaiwa kanmu.

A gaya mini kalmomin da ake ji. A gaishe da Inna, a ce mata ta ci abinci don Allah.

* * *

Daga Dagaci zuwa ga Sama'ilu.

Gaisuwa. Gwiwa da sauƙi. Tarin mahaifinka ya sauka ƙirji, yanzu a zaune yake sallah. Rijiyar gawo ta ƙafe, sai an je fadamar Shanono.

Maganar jakin liman ba a tabbatar ba har yau, kuma rawanin ya yi masa kyau. Na kira Lawan na tsare shi da ido irin na sarauta. Ya ce lallai kaset ya zo, kuma akwai rakodar mai shayi da ya tafi cirani ya bar masa ajiya. Amma ya rantse rakodar tana ɗakinsa a ƙarƙashin gado, kaset ɗin yana aljihunsa. Na gani da idona. Ka daina zargin bayin Allah, kai da baƙi ke zuwa neman aurenka.

Yanzu ka bar wasa, ka saurara.

Jiya na je da kaina. Rana ta ɗaga, gari tsit, ko kukan akuya babu don an sayar da su. Falta na zaune ta jingina kai da jikin rumbu. Na tsaya a bakin danga. Da farko abin da na ji ba waƙa ba ce. Gurzar dutse ce, gaba da baya, gaba da baya. Dutsen niƙan gidanku kuwa yana kife a tsakar gida, ina kallonsa. Sannan muryar ta taso. Ba gita, ba ganga. Ga abin da ta ce:

Dutse ci gero, bar mini hannu,
Rana ta take, Inna na jira.

Ta maimaita, ta maimaita. Sai gurzar ta tsaya, kamar mai niƙa ta ɗaga kai. Ta ce:

Ilu ɗan ƙanina, miƙo ruwa,
Maƙogwarona ya bushe.

Falta ta juyo wajena, da idon nan nata fari, ta ce, "Ka ji ko? Tun ɗazu take aikensa, ya tafi yawo."

Mahaifinka ya ce duk shirme ne. Ya sa aka jingina tsani, ya hau da tarinsa, ya ɗaga murfin rumbu ya zura kai. Ya daɗe a haka har na ji tsoro ko ya suma. Da ya sauko aka ce, "Malam, me ka gani?" Ya ce, "Ba komai." Aka ce to alhamdu lillahi. Ya ce, "Ba komai na ce. Ko yanar gizo babu. An share shi tas." Tun ranar bai sake yi wa kowa faɗa ba. Da la'asar ya kira Lawan ya tambaye shi, "Jos ɗin nan da nisa?" Lawan ya ce kwana ɗaya ne a mota.

Falta yanzu sai an ɗaga ta. Ruwa kawai take kurɓa, shi ma rabi take zubawa a gindin rumbu.

Batir ɗin nan, ko tsofaffi ne, ko waɗanda aka shanya a rana, ka aiko.

* * *

Daga Sama'ilu zuwa ga Kawu. Ranka ya daɗe.

Ina gaisuwa. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi. Ni tun da takardarka ta zo nake ta maimaita karanta ta.

Kawu, baitin ruwan nan ba ya cikin kaset. Ban taɓa rera shi a gaban kowa ba. Ba ma waƙa ba ne. In Yaya Zulai tana niƙa ƙishi ya kama ta, ba ta son tsayawa, sai ta saka aiken a cikin waƙar, ni kuma in ruga randa. Daga ni sai ita sai Inna muka san shi. Babu mai ce mini Ilu a duniya in ba ita ba. Ranar da muke ɗaukar kaset na yi niyyar sawa, da na zo wurin sai na tsallake shi, Oga ya cike gurbin da gita.

Ka roƙar mini Baba. Kai yayan matarsa ne, kai ne mai gari, zai ji nauyinka. Kalma ɗaya nake jira. Kayana a ɗaure suke.

* * *

Sama'ilu.
Sule na kan tashi, takarda ta ƙare, a bayan ƙunshin sukari nake rubutu.
Mai rumbun ya rasu jiya da hantsi, ana cikin waƙar.
An yi sutura kafin azahar. Allah ya jiƙan rai.
Waƙar ba ta daina ba.
Ka san abin da ya kamace ka yanzu.
Dagaci.

* * *

Daga Sama'ilu zuwa ga Kawu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, na yi kwanaki ban iya riƙe alƙalami ba. Lafiyar jiki dai akwai.

Na karanta inda ka ce mai rumbun ta rasu. Allah ya jiƙan Inna, ya haɗa ta da 'yarta, tun da ita take ta jira. Ta mutu da yunwa da kwanon tuwo a gabanta, ni kuma ina nan ina yi wa mashaya kukan 'yan mata da Turanci. Kaset ɗin da na aika don ta ji daɗi, shi ya fara jawo wannan. Ban ce laifin Lawan ba ne. Nawa ne.

Ka ce na san abin da ya kamace ni. Na sani. Wadda zan zo dominta ta tafi, wanda ya rage kuwa ya riga ya faɗi tasa. Ba zan zo in tsaya a ƙofar zaure kamar mai talla ba. Ka yi wa Baba ta'aziyya in zai karɓa daga gare ni.

Abu ɗaya zan gaya maka don ba ni da wanda zan gaya wa. Shekaranjiya da rana muna gwaji, otal ba kowa sai kujeru a kife. Oga ya tayar da wata waƙa ta ƙetare da na yi ta fi a ƙirga. Na buɗe baki, abin da ya fito ta lasifika shi ne "miƙo ruwa". Ban yi niyya ba, Kawu. Ban ma ji motsinsa a wuyana ba. Mai ganga ya ajiye sanduna ya ce wace ce ta shigo.

Otal ɗin zai rufe. Oga ya samo mana wuri a Fatakwal, bayan sallah ƙarama za mu tafi. Ban san adireshi ba, kuma ko na sani ba amfani. Kada a sake wahalar da Sule.

Na gode da ka tuna da ni lokacin da ba wanda ya tuna.

* * *

Daga Dagaci zuwa ga Sama'ilu, kuma a karanta wannan a hankali, da yatsa a kan kowane baƙi.

Gaisuwa a gajarce. Lafiya ba lafiya ba.

Kai wane irin karatu Malam ya koya maka? YA rasu na rubuta! Ya! Ɗigo biyu a ƙasa, yadda ake rubuta shi a ajami! Mahaifinka Malam Umara ne ya rasu. Uwarka tana nan da ranta, yau ma na gan ta.

Na ɗauko irin takardar na gwada, na ga inda aka samu matsala. Ƙunshin sukari ɗan ƙarami ne, na matse layuka. Ɗigon layin sama ya sauko ya zauna a kan baƙin, nasa kuma na ƙasa ya shige cikin layin da ke biye. Sai ya ta koma ta. Tawadar ma ruwa-ruwa ce, ƙaron da ake haɗa ta da shi ya yi wuya. Kuma ni duk rayuwata rumbun Malam nake jin ana cewa, na manta kai na Inna kake ce masa. To amma kai fa? Kai da tun kana yaro mutane ke rikita ya da ta a kanka, a ce "ya yi waƙa" wani ya ce "a'a, ta yi dai", kai ne za ka kasa tsayawa ka duba ɗigo? Wata guda muka yi muna zuba ido a hanya, ashe kana can kana zaman makokin mai rai.

Ga yadda ya tafi. Ya ce a fitar da shi tsakar gida. Waƙar ta taso, ya saurara har aka zo wurin ruwa. Ya ce, "Ba a kai mata ba har yanzu?" Ya ce, "A gaya wa yaron zaure a buɗe yake." Ban sa wannan a waccan takarda ba don wuri ya ƙare, kuma na ɗauka mutuwar kaɗai ta isa ta kawo ka.

Falta tana takaba a gindin rumbu. An ce ta shiga ɗaki, ta ƙi. Ba ta fi tsuntsu nauyi ba. Gidaje uku suka rage a unguwarku, su ma suna ɗaure kaya. In suka tafi, daga ita sai abin da ke cikin rumbu, sai Lawan da ke kai mata ruwa, shi kuma yaron, duk da jarumtarsa, ya fara gudawa.

Na roƙi Sule ya ba ka wannan hannu da hannu, ko da ka riga ka hau motar Fatakwal ya finciko ka. Ba umarni nake ba yanzu. Roƙo nake. An aike ka ruwa, Ilu. Ka kawo.

* * *

Daga Dagacin Garin Kallamu zuwa ga ɗansa Sama'ilu, a Jos.

Gaisuwa da fatan kun sauka lafiya, kai da Falta. Yaya ta ji da sanyi? A sa mata bargo biyu. Sule ya ce a hanya ta ci ƙosai har ta nemi ƙari, ya ce kuma Oganku ya fasa tafiya da kai, ka samu wasu 'yan kiɗan a nan garin. Alhamdu lillahi. Nan an yi yayyafi sau ɗaya, ƙasa ta yi ƙamshi, ba mu dai yarda da ita ba tukuna.

Na ji ka neme ni don ka yi godiya, Lawan ya ce maka na tafi Bici. Haka ne. Amma an ba ni labarin komai.

An ce ka iso da hantsi, ba ka ko ajiye jaka ba. Ka tsaya a zaure ka yi sallama, ba mai amsawa, ka taka ka shiga. Ka ɗebi ruwa a randa da moɗa, ka je ka durƙusa gabanta. Gurzar dutse ta riga ta fara. Ka ce, "Inna, ni ne." Ta ce, "Wa?" Ka ce, "Sama'ilu." Ta ce, "Sama'ilu yana yawo, yi shiru tana waƙa." Sai ka ajiye moɗar a gindin rumbu, ka buɗe baki ka kama waƙar daga inda take.

Wallahi ban taɓa jin abu irin wannan ba. Na ji kaset, amma kaset ƙarya ne. Ƙato da gemu, durƙushe cikin ƙura, murya na fita daga gare shi kamar zare. Ina kan danga na kasa kunne. Ba a iya cewa ga taka ga ta rumbu, sun zama ɗaya. Gwaggo ta miƙo hannu tana lalube, ta taɓa gwiwarka, ta hau ƙirji, ta shafa gemu ta ɗan ja baya, sannan ta dafa maƙogwaronka ta bar hannun a nan. Ta daɗe tana jin yadda yake rawa. Sai ta ce, "Ashe nan kika shiga. Shi ya sa na yi ta ajiye tuwo ba kya ci." Ta ce a kawo kwano. Ta gutsura ta sa maka a baki, ta gutsura ta sa a nata. Da ka ce ta zo ku tafi Jos, ba ta yi musu ba, cewa ta yi, "To, ai ba zan bar ku ku biyu a hanya ba."

Na ce ina kan danga ko? To. Alƙalami ya riga ya zame, kuma na gaji da rawanin nan, ya yi mini nauyi.

Dagaci yana Bici gidan ɗansa tun kafin gero ya bushe, ƙafa ta kumbura, ko sunansa ba ya iya rubutawa yanzu. Bai san an yi wasiƙa ko ɗaya ba. Don Allah kada ka aika masa godiya, zai sa a nemo ni. Na san in na rubuto da sunana za ka ce Lawan ne, wani shaƙiyancin ne, ka yi dariya ka ƙunsa gyaɗa da takardar.

Kuma ka canka daidai tun farko. Ni na sa rakoda a rumbu. Ka ce in jiyar da Gwaggo a ɓoye, ni kuma na ce bari in tsorata matan da ke wucewa rijiya tukuna. Na kunna ta, na zura ta da igiya, na ɓuya. Asma'u ta yar da tulu ta ruga, na yi dariya har na faɗi. Ban san Gwaggo na bayan ɗaki tana ji ba. Kwana biyu na yi ina wannan, a na uku batir ya mutu, muryarka ta yi kauri ta koma ta namiji, ta tsaya. Na ciro rakodar na kai ɗaki. Washegari da hantsi ina kwance, rakoda a ƙarƙashina, kaset a aljihuna, na ji an fara niƙa.

Shi ya sa na ɗauki alƙalami na zama Dagaci. Batir ɗin da na dame ka da shi, ba na mulki ba ne. So nake in kunna kaset ɗin in ji ko baitin ruwa yana ciki na manta. Da ka rubuto cewa babu, ban sake barci a ɗakin ni kaɗai ba.

Tun da kuka tafi rumbu shiru. Na hau na leƙa, gizo-gizo har ya fara saƙa. Moɗar da ka ajiye na same ta a bushe, amma rana ce, ban ce komai ba.

Saura tambaya ɗaya, ita ta hana ni sakewa. Lokacin da Gwaggo ta dafa wuyanka, kuka ya ci ƙarfinka, na ga bakinka ya rufe, na ga ka haɗiye. Ina kallonka. Amma baitin bai yanke ba, sai da ya kai ƙarshe. Ni kaɗai na ji, ko kai ma?

In wata rana da hantsi, a ɗakinku na Jos, Gwaggo ta ce maka an yi waƙa alhali kana waje, ka rubuto mini. Ka samu takarda mai faɗi, ka ware layuka, ka sa ɗigo inda ya dace, in san ya yi ne ko ta yi.

Ka gaishe da Gwaggo, ka ce ta yafe mini, in ka ga ranar da za ta iya ji. Kai kuma amarya, ka rama duk yadda ka ga dama, haƙƙinka ne.

Wanda ya rubuta wannan da duk na baya, ba Alhaji ba, ba mai ƙasa ba, ko kaza ba ta shiru in ya yi tari:

Lawan, taubashinka. Kuma jakin liman ma ni ne.